Ni da Innata da waƙoƙin gudun duniya

Ni 'yar mai ƙuli-ƙuli ce. Mahaifina tela ne, da keken ƙafa yake ɗinki a zauren gidanmu, a wani gari da ke arewa da birnin Kano. Mu bakwai Inna ta haifa, biyar ke raye, kuma ni ce ta farko a cikinmu da ta taka jami'a, maza da mata. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san inda nake tsaye in na zo maganar sauƙin rayuwa, domin na lura magana ce da ta fi saurin fitowa daga bakin mai ƙoshi.

Ɗakuna uku ne a gidan, ɗaya rufin kwano, biyu soro, waɗanda duk gabanin damina sai an bi su da yaɓe. Rijiya ɗaya, darbejiya ɗaya, awaki gwargwadon abin da shekara ta bari. Gidan tela ne, amma ƙaramar salla kawai ake mana ɗinki, babbar salla a wanke na ƙaramar a goge. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan zama yana da wata falala. Abin da ke akwai ke nan. In baƙo ya tambayi Baba ya gida, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe," ya ci gaba da taka kekensa.

Lauya na so in zama. Makina bai kai ba, aka ba ni Hausa, na karɓa don kada in rasa gurbin. Duk wanda ya karanta Hausa a jami'a ya san abin da ke biyo baya. "Hausa? Wannan dai da muke yi yanzu? To me za a koya miki?" Wani kawuna cewa ya yi da an gaya masa da wuri, da ya koya min kyauta a ƙofar gida a bar wa Baba kuɗinsa. Nakan taya su dariya, don ni ma a lokacin ba ni da amsa. Ina aji biyu korona ta shigo a 2020, aka rufe makarantu, ga yajin aiki a kai, shekara ta tafi a banza.

Ranar da na fara sauka a ɗakin kwanan ɗalibai, jakar Gana-mas-go ɗaya ce da ni, sai risho, bokiti, garin rogo, galan ɗin man gyaɗa da ƙullin ƙuli. Wasu da saitin akwatuna suka zo. Ba su wulaƙanta ni ba, in faɗi gaskiya. Ƙulin Inna ma shi ya samo min ƙawaye, don babu mai jiƙa gari a ɗakin nan da ba ta leƙo kusurwata ba. Abin da ya dame ni daban ne: kaina bai taɓa hutawa da lissafi ba. In na hau adaidaita sahu yau, gobe babu kuɗin hoton takardu. In na sayi data don aikin da aka ba mu, sabulu sai wani makon. In an fitar da ankon bikin 'yar ajinmu, sai in kwana ina saƙa uzurin da ba zai zama ƙarya ba, kuma ba zai tona asirin gidanmu ba. Ina zaune a aji malami na bayani, rabin hankalina na kan kananzir ɗin da ya rage a risho. Wanda bai taɓa zaman hannu baka hannu ƙwarya ba yana zaton mai ɗan abu tunaninsa ma kaɗan ne. Ni dai ban taɓa ganin rayuwa mai yawan ƙulle-ƙulle irin ta marar shi ba.

Da wannan kai na shiga aji uku, muka fara darasin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19.

Malamin dattijo ne, kullum cikin farin yadi, ba ya ɗaga murya. Dokarsa ɗaya ce: waƙa ba a karanta ta da ido. Yakan raba mana hoton takardun ajami, gefe guda an juya su zuwa boko, ya nuna ɗalibi da alli ya ce, "Bismilla, rera." In ka karanto ta a miƙe, sai ya ce ka koma farko, har sai kunnenka ya kama karin, ka ji inda gaɓa mai nauyi ta faɗi da inda amsa-amo ya dawo. Samarin ajinmu masu taƙama da Turanci sun sha kunya a wannan darasi. Ni kuwa a nan na fara sakin jiki a jami'a, don muryar da yake nema ita ce wadda na tashi ina ji a makarantar allo da bakin makafi masu bara a ƙofar gida.

Muka bi wa'azi, muka bi madahu, muka iso waƙoƙin zuhudu, wato na gudun duniya. Wanda ya san su ya san yadda suke tafiya: duniya tsohuwa ce da ta sha kwalliya tana yaudarar manemanta ɗaya bayan ɗaya, ina Fir'auna, ina Ƙaruna da taskokinsa, ina sarakunan da suka gina birane, ƙarshen kowa farin ƙyalle da rami daidai tsawonsa. Daɗin rerawa gare su, har tsigar jiki na tashi. Amma ina rerawa wani abu na ci na a rai, ban gane ko mene ne ba sai ranar da wata 'yar ajinmu ta yi magana.

'Yar wani babban ɗan kasuwa ce, direba ke kawo ta ya zauna jiranta. Yarinya ce mai kirki, ba ta da girman kai ko kaɗan. Ta ce, "Malam, ni wallahi waƙoƙin nan sha'awar mutanen ƙauye suke sa ni. Ba ruwansu da duniya, ɗan abin da suka samu ya ishe su, hankalinsu kwance."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda duniya ba ta taɓa biyowa ta layinsu ba, ta yaya zai guje ta? A garinmu mace na kwana tana naƙuda a ɗaki don babu kuɗin motar asibiti. Shi ne kwanciyar hankalin? In rashin abu ne ake yabo, to mu ai waliyyai ne gaba ɗayanmu, har da masu satar awakinmu."

Aji ya ɗauki dariya. Malam bai yaba min ba, bai kuma tsawata min ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "'Yata, kin rera waƙar, amma ba ki tambayi wa ya yi ta ba, yaushe, kuma me ke ajiye a gabansa a ranar." Sai ya ture takardar gefe ya ba mu labarin Magami.

A wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na cikinsu, a lokacin malami ne mai yawon wa'azi, shekarunsa talatin da 'yan kai. Miskali 500 na zinariya aka ce an ware masa. Ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki, abu biyar yake roƙo a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a cikin ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Malam ya ce, "Ku lura, zinariyar nan a gabansa take, ba labarinta ya ji ba. Da ya ƙi ta kuma bai tashi hannu rabbana ba, musanya ta ya yi da abin da ya fi so. Biyu daga cikin biyar ɗin ma ba nasa ba ne, na talakan Gobir ne."

Daga nan ya ɗora min aikin binciko tarihin Abdullahi, ƙanin Shehu, in kawo wa aji. Ina jin horo ne ya yi min cikin dabara. Na daɗe a laburare kan wannan bawan Allah, kuma har yau cikin mutanen jihadi babu wanda ya kama zuciyata kamarsa. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804, inda aka fara karya Gobirawa. Nasara ta fara zuwa, ganima ta fara shigowa. Tun kafin Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 ya waiga ya ga da yawa daga cikin abokansa na farko, ma'abota ilimi, sun yi shahada, hankalin waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ya koma kan mulkin garuruwa, tara ƙwaraƙwarai, manyan riguna da dawakin sukuwa a cikin gari. Shi da kansa ya rubuta wannan koke daga baya a littafinsa Tazyinul Waraƙati a 1813, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Da ya ga haka sai ya sulale ya bar rundunar, ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, suka ce ya tsaya ya nuna musu yadda ake tafiyar da hukunci. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya juya ya koma gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a, har ya rasu a Gwandu a 1829.

Ashe ba yunwa ce ta kori Abdullahi ba, ƙoshi ne, ƙoshin mutanensa. Gudun nasa kuma bai ƙare a kogon dutse ba. Ya ƙare da alƙalami a hannu yana shata wa masu mulki iyaka. Da na koma kan waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, sai na ji ta da wani kunne dabam. Kaifinta mafi yawa a kan masu iko yake, mai mulkin da ke cin mutane, mai ƙwace haƙƙin wani don ya fi ƙarfinsa. Da na ba Baba labarin a waya bai yi mamaki ba, shi tsohon ɗan PRP ne. Ya ce, "To ai shi ne Malam Aminu. Ya riƙe ma'aikatar sadarwa, ya riƙe ta lafiya zamanin Gowon, a gidansa na Gwammaja ya rasu a 1983. In kin samu sarari je ki ga ɗakinsa." Na je gidan nasa, Mambayya, na gani. Ɗaki ne da ƙaramin ɗan kasuwar Kwari na yau zai raina.

Na gabatar da aikina, na samu maki mai kyau, amma rabin tambayata kawai aka amsa. Na yarda bari sai wanda ke da ikon ɗauka. To mu fa? Innata ba wanda ya taɓa ajiye mata zinariya a gaba. Sai na yanke a raina cewa a wannan fage irinmu 'yan kallo ne, mu dai haƙuri ne namu.

A Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Oktoba. Na tattara na koma gida, na koma bakin turmi.

Aikin ƙuli ba wasa ba ne. Tun asuba ake soya gyaɗa a babban kasko, ana juyawa ba tsayawa, don in ta ƙone man zai yi duhu ya yi ɗaci. A baza ta ta huce, a murje, a sheƙe ɓawon da faifai, a ɗora wa yaro a kai zuwa inji. In markaɗe ya dawo sai a juye a turmi, ana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, kafaɗa na zafi, har ka ga mai ya fara tsattsafowa yana kwanciya a sama. A kwashe, a matse tunkuzar a kan dutse, a mulmula, a soya ta cikin man da ya fita daga jikinta. Inna takan ce mai ke mayar da uwar kuɗi, ƙuli ne riba. Ranar da ƙuli ya ƙone an yi aikin banza. Gyaɗa gado ce a wurinta. Mahaifinta na cikin masu dakon buhuna zamanin dalar gyaɗa a Kano, kasuwar da jirgin ƙasa ya buɗe bayan ya iso birnin a 1911, fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da ita. Dala ta tafi, turmi ya rage a hannun mata.

Ina juya turmi ina rera baitocin da muka yi a aji don in rage gajiya. Inna ta yi ta saurare tana mulmula, wasu ma ta taɓa jin su a bakin kakarta. Da na kai wurin tsohuwa mai kwalliya sai ta ce, "Wannan waƙa gidan masu kuɗi ya kamata ki kai ta. Mu ai ba mu guji duniya ba, ita ta hango mu ta canja hanya." Na yi dariya har na saki taɓarya. Ashe tambayar da na yi a aji a nono na sha ta.

Shekarar gyaɗa ta yi tsada, duk ranar kasuwa sai a ce kasuwar Dawanau ta tashi. Ana cikin haka wani mai sarin mai da ke kaiwa birni ya zo gidanmu. Ya gaisa da Baba a zaure, aka yi masa iso, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, magana ce ta taimakon juna. Zan riƙa kawo miki wani mai a jarka, mai araha, ki haɗa rabi da rabi da naki. Ƙamshin gyaɗa zai rufe, ba mai ganewa. Duk abin da kika yi a mako ni zan kwashe, kuma kuɗi a hannu kafin kaya. Kowa haka yake yi yanzu." Ina gefe ina wanke kasko, kan nan nawa da ya saba lissafi har ya gama bugawa: kuɗin rajistata sun fito, kwanon rufin ɗaki ɗaya ma zai fito kafin wata damina.

Inna ta goge hannu da gefen zane. Ta ce, "Alhaji, na gode da ka tuna da ni. Amma mutanen garin nan in za su aiki yaro, cewa suke je ka gidan tela ka sayo man gyaɗa, ba sa ko buɗe kwalbar su sansana. Allah ya haɗa ka da wata." Ya yi ta ja, ta yi ta ba shi haƙuri, har ya gaji ya tafi. Kuɗin rajista kuwa akuya aka sayar aka biya.

Da dare muna kwance a tsakar gida saboda zafi, na ce, "Inna, ke ba kya son kuɗi ne?"

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Ina so mana. Ina son injin markaɗe nawa na kaina in huta da layi. Ina son a rufe ɗakunan nan da kwano. Ina son in ga Ka'aba kafin in mutu. In kin samu aiki ma da injin za ki fara."

"To me ya sa kika kori mutumin nan?"

"Wanda zai hana ni barci ne ba na so. Ki yi shiru, gobe akwai suya."

Ba zan shafa wa talaucinmu zuma ba. Soron nan ya ci gaba da yoyo, kuma rashin kuɗin asibiti bai zama falala ba don Inna ta ƙi algus. Abin da na gani shi ne, a cikin duk abin da dole ta ɗora mata, akwai ɗan wuri da ita ke da ta cewa, kuma a wurin ta san abin da take so da abin da ba za ta saya da shi ba. Ni da nake jami'a ban san nawa ba. Lauya na so zama, amma da za a titsiye ni a ce don me, amsar gaskiya ita ce don in daina lissafin kananzir.

Amsar tawa ta zo ta inda ban zata ba. Matan layinmu sun saba kawo min waya in karanta musu saƙo, ko katin asibiti, ko takardar magani. Wata amarya, kusan sa'ata, mijinta na aiki a Fatakwal, ta ja ni gefe ta ce, "Don Allah ki koya min karatun nan. Na gaji da miƙa wa yaran gida wayata suna karanta min abin da maigidana ya rubuto." Muka fara bayan la'asar a kan tabarma, da guntun katako da Baba ya shafa wa baƙin fenti. Kafin wata ya zagayo tabarma ɗaya ta kasa, wata da goyo, wata da tsintar shinkafarta a faranti. Da na ga baƙi da wasali a tsaitsaye suna gundurar su, sai na ɗauko dabarar Malam na juya ta: in rubuta baitin da bakinsu ya riga ya sani, su rera, yatsa na bin rubutu. Baki na gaba, ido na biye, har ido ya fara gane hanya shi kaɗai.

Na taɓa rubuta tarihin Nana Asma'u a jarrabawa: an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'yan taru, tana naɗa wa jaji, shugabar ayarinsu, malfa ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata a cikin gidajensu. Na samu makina na wuce. Sai a kan tabarmar nan na gane dalilin da ya sa ta zuba karatun a waƙa. Macen da hannunta ke cikin turmi ko kan dutsen niƙa ba ta da hannun riƙe takarda, amma bakinta da kunnenta a sake suke.

Wata rana wayar amaryar nan ta yi ƙara muna tsakiyar darasi. Ta ɗauka, ta ƙura ido, leɓɓanta na motsi a hankali, ta daɗe a kai. Can sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Muka ce me ya ce? Ta ce wallahi ba za ta faɗa ba, ai don haka ta shiga makarantar. Ranar da na kwanta na lura da wani abu: tsakanin la'asar da magariba, duk tsawon watannin nan, kaina ba ya lissafi. Ba na tuna anko, ba na tuna wa ya fi ni. Abu ɗaya ne a gabana, kuma ya ishe ni. A nan na san ni malama ce, kuma Hausar da ake min dariya a kanta ita ce kayan aikina.

Da muka koma makaranta ba abin da ya yi sauƙi. Farkon 2023 aka shiga wahalar takardun naira, a ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Lissafi ya dawo, har ya fi na da. Abin da ya canja shi ne na daina saƙa uzuri. In an fitar da anko sai in ce, "Ba zan iya ba, amma zan zo biki," in sa atamfata ta salla in je in ci shinkafa. Na fita daga zaurukan WhatsApp da ba abin da ake yi sai tallan leshi da hotunan liyafa. Ba wanda ya mutu. 'Yar ajin nan tamu kuwa mun zama ƙawaye, ita ta fara nemana. A bakinta na ji cewa kusan kowane ƙarshen mako akwai bikin da dole ta je, kuma ba ta isa ta maimaita kaya ba, don hoto zai fita a ce gidansu an karye, mahaifiyarta ta shiga uku a cikin ƙawaye. Ba zan ce damuwarmu ɗaya ba, ita ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Amma ita ce waƙoƙin nan ke kira da suna, kuma na ga amsawar ba ta da sauƙi.

Yanzu ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata. Albashin ba sai na faɗa ba; mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kowa kuma ya san abin da buhun shinkafa ke ci a ciki. Ina sa ɗalibaina su rera, ba na yarda da karatun ido. In mun zo waƙoƙin gudun duniya sai na fara ba su labarin Magami da na Abdullahi, domin a ajin akwai yarinyar da ba ta karya ba ta zo, kuma ba zan tsaya a gabanta in ce mata yunwa ado ce ba. Ni ma ina da abubuwan da nake so, ban ɓoye ba: sola a ɗaki, digiri na biyu, da injin nan da nake zubin adashe dominsa.

Inda ake fafatawa yanzu shi ne maganar aurena. An sa rana bayan kaka, shi ma malamin makaranta ne. Gwaggo, yayar Baba, ita ke riƙe da ragamar kayan ɗaki, kuma shawararta ita ce a jinginar da gonar Baba. Na ce ban yarda ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, boko ne ya taɓa miki kai? 'Yar jami'a guda a kai ki ɗaki ba saitin kujeru, ba firiji, ba talabijin na bango? So kike dangin miji su yi da mu a gari?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Gonar nan ita ke ba gidan nan dawa har tsakiyar damina. Kujera ba a tuƙa ta."

Ta ce, "Mutunci ma ba a tuƙa shi, amma in babu shi tuwon ba ya haɗiyuwa. Ke kina lulluɓe a ɗaki, ni zan tsaya ranar jere ina jin baƙar magana."

Tana da gaskiyarta, ita za ta tsaya ɗin. Mun yi ta ja har Baba ya shiga tsakani. Gona dai ta tsira. An tsaya a kan gado da katifa, kafet, da kayan girki. Gwaggo ta ci nasara a kan labule da saitin kuloli har kala biyu. Kwanan nan ƙanwata ta tsegunta min cewa Gwaggo ta shiga wani adashe a ɓoye da kuɗin ƙosanta, kujerun nan sai ta saya. Na yanke ba zan tanka ba, tunda kuɗinta ne ba gonar Baba ba. Da na kai wa Inna ƙara cewa ta yi ba ruwanta, mu ƙarata ni da Gwaggo.